Gubar dalma a Zamfara: yadda aikin kowa ya rataya a wuyan wani

Agwagi ne suka fara ƙarewa. A farkon 2010, a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, mutane sun lura agwagi sun yi ƙaranci a gari, amma ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai daga baya, da masu bincike suka zo suna tambaya, aka tuna. Abin da ya tayar da hankali shi ne yara. Yaro ya wuni yana wasa a tsakar gida, sai amai, sai ciwon ciki, jiki ya saki, daga nan sai jijjiga da suma, kafin a ankara an kai shi makwanci. Akwai gidajen da suka yi jana'izar yaro fiye da ɗaya a 'yan watanni.

A watan Maris na shekarar, ayarin ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda gidajen rediyo ke kira Likitocin Na-gari Na-kowa, yana zagaye a Zamfara yana sa ido kan sanƙarau, kamar yadda aka saba in zafi ya kama. A nan labarin mace-macen ya riske su. Alamomin sun yi kama da na sanƙarau ko na zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, don haka magungunan waɗannan aka fara bayarwa. Yaran ba su farfaɗo ba. Abin da ya karkatar da tunanin ma'aikatan shi ne injinan niƙa da ke ruri a cikin gari, waɗanda ba gero ko dawa ake zuba musu ba, dutse ne. Aka ɗebi jinin yara 8 aka aika wani ɗakin gwaje-gwaje a Jamus. Sakamakon ya nuna dalma tsakanin maikurogiram 168 zuwa 370 a kowace desilita ta jini. A ma'aunin wancan lokaci, daga 10 an shiga damuwa, daga 45 sai a fara maganin fitar da guba, abin da ya haura 70 a jikin yaro kuwa sai asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Dutsen da ya shigo gida

Haƙar zinare ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zamfara. Abin da ya canza shi ne kuɗi. Bayan girgizar tattalin arzikin duniya ta 2008, farashin zinare ya haura dala 1,000 a kowane oza, ya ci gaba da hawa. Manomin da ke jiran damina ya ga cewa buhun dutse na iya ba shi abin da gona ba ta ba shi ba, ya ɗauki diga ya shiga daji. Sai aka yi rashin sa'a, jijiyar dutsen da aka dace da ita a wannan yanki tana ɗauke da dalma mai yawan gaske, a wasu samfuran fiye da kashi 10 cikin 100. Masana duwatsu na gwamnatin Amurka da suka auna samfuran daga baya sun gano wani abu da ya ƙara muni: iska da ruwa sun daɗe suna cin dutsen, har dalmar ta koma wani nau'i da ke saurin narkewa a cikin ciki.

Ba a daji ake sarrafa dutsen ba. Gida ake kawo shi, saboda tsaro, kuma saboda a gida akwai hannuwa. Mata su farfasa shi da guduma ko su daka a turmi, a kai inji a niƙe ya zama gari, a wanke a bakin kududdufi, a kama zinaren da zaiba, a shanya abin da ya rage a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a kan tabarma, a kan hatsin da aka shanya, a bakin rijiya, a ƙasar da jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Babba yakan ɗauki dalma ya daɗe yana yawo da ita. Hanjin ƙaramin yaro ya fi na babba zuƙarta nesa ba kusa ba, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta gama ginuwa ba.

Da sakamakon Jamus ya fito, MSF ta san sunan cutar, amma abin da ke hannunta bai isa ba. Tana da likitoci da motoci da sanin yadda ake kafa asibiti cikin kwanaki, ba ta da mai auna ƙasa ko ɗaya. Gwamnatin jiha, a zamanin Gwamna Mahmud Aliyu Shinkafi, tana da iko da ma'aikata, ba ta da na'urar da za ta nuna mata gidan da ke da guba da wanda babu. A ranar 8 ga Mayu, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta tara hukumomin gida da na waje: Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, wato CDC, da Hukumar Lafiya ta Duniya, da shirin Najeriya na horar da masu bin diddigin annoba, da MSF, da jami'an jiha. Aka kuma nemo cibiyar Blacksmith ta birnin New York mai aikin share wuraren da guba ta gurɓata, ita kuma ta zo da kamfanin injiniyoyi na TerraGraphics daga jihar Idaho, mutanen da suka shekara da shekaru suna kwashe ƙasa mai dalma a garuruwan da ke kewaye da tsohuwar ma'adinar Bunker Hill a can ƙasarsu.

Daga 23 ga Mayu zuwa 4 ga Yuni, ayarin ya bi gida-gida a ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani, Dareta da 'Yargalma. Gidaje 119 aka shiga. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5 da aka lissafa, 118 sun rasu a watanni 12 da suka gabata, wato ɗaya cikin huɗu, kuma galibinsu sun yi jijjiga kafin rai ya yi halinsa. Cikin yaran da ke raye aka gwada sama da 200. Ba a samu ko ɗaya da ya tsira daga gubar ba, kashi 97 cikin 100 kuma sun kai matakin da sai an ba su magani. Kashi biyu cikin uku na gidajen ana sarrafa dutse a cikinsu. Dalmar da ke ƙasar wasu wurare ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali a Amurka a wancan lokaci in ta wurin wasan yara ta wuce 400 akan ce a ɗauki mataki.

Hatta na'urar gwajin jini ta tafi-da-gidanka da aka zo da ita ta gaza. Iyakarta 65, abin da ya wuce haka sai ta nuna cewa ya yi yawa kawai, ba ta ba da lamba. Akasarin yaran kuwa sun wuce iyakar. Likita ba zai iya tantance wa za a fara ɗauka ba in duk takardun abu ɗaya suke faɗi. Sai ma'aikatan MSF da na CDC suka fito da dabarar tsarma samfurin jini a sake aunawa, ana aika wasu samfuran ɗakin gwajin CDC a Atlanta don a tabbatar lissafin bai kauce ba. Irin wannan ƙaramin aiki ba ya shiga labaran rediyo, amma da shi aka san yaron da ke 70 da wanda ke 300.

Sharaɗin likitoci

Maganin da aka zaɓa ana kiransa DMSA, na haɗiya ne. Yana kama dalmar da ke jini ya fitar da ita ta fitsari. Ana shansa na tsawon makonni, kwana 19 ko 28 a zango ɗaya, kuma yara da yawa sai an maimaita musu, domin dalmar da ta kwanta a ƙashi takan sake komowa jini. A watan Yuni MSF ta buɗe sashen jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum, ana kwantar da yaro da mahaifiyarsa nesa da ƙauyen.

A nan ne aka yanke shawarar da, a ganina, ita ce ƙashin bayan duk abin da ya biyo baya. MSF ta ce ba za ta buɗe shirin magani ga yaran wani ƙauye ba sai an share ƙasar ƙauyen, banda waɗanda ciwo ya kai gargara. Dalilin a fili yake: yaron da aka wanke wa jini aka mayar da shi tsakar gidan da ta sa masa guba, cikin makonni zai koma inda ya fito, akwai ma fargabar cewa shan maganin a cikin ƙurar na iya cutarwa. Mai kallo daga nesa zai ce wannan taurin zuciya ne, likita da magani a hannu yana cewa a jira masu shebur. Amma sharaɗin ne ya ɗaure ƙungiyoyin da juna. Sau da yawa abin da ake kira haɗin gwiwa a aikin agaji bai wuce taron mako-mako da allon da aka jera wa tambarin kowa ba, kowa ya tashi ya koma aikinsa. A Zamfara ba haka abin ya kasance ba. Likita ba ya fara aiki sai injiniya ya ce gida ya tsarkaka. Injiniya ba ya shiga gida sai dagaci ya yi magana da maigida. Sharar ba ta da amfani in gobe za a sake sauke buhun dutse a zaure. Kowa ya zama mai jiran wani, don haka kowa ya damu da aikin wani.

Sharar kanta ba wata fasaha mai wuya ba ce, wahala ce da haƙuri. A zo da na'urar hannu mai kama da bindigar wasa, a ɗora a ƙasa, cikin daƙiƙoƙi ta faɗi yawan dalma. A zana taswirar gidan, ɗaki-ɗaki, har makewayi da turken dabbobi. Iyali su fitar da kayansu. Matasan garin da aka ɗauka aiki su shigo da fartanya da shebur su kankare saman ƙasa kamar santimita 5, a zuba a buhuna, a tura a baro, a kai ramin da aka haƙa musamman a bayan gari a binne. A sake ɗora na'ura. In har yanzu da saura, a ƙara kankarewa. Sannan a kawo ƙasa mai tsabta, wadda ita ma an gwada ta, a shimfiɗa. Ɗakuna a share, a goge, wasu a yi musu daɓen siminti. A Idaho da manyan motoci ake wannan aiki. A Dareta lungunan ba sa ɗaukar mota, kuma da injiniyoyin sun nace sai irin kayan aikinsu, da damina ta same su ba su gama gida goma ba.

Akwai kuma abin da duk ilimin Idaho ba zai warware ba. Gidajen na kulle ne, ba a shiga. Matan da ke daka dutsen, waɗanda kuma su ne ke renon yaran, ba za su fito taron ƙofar fada ba. Sai da aka sa mata cikin ayarin, masu gwaji da masu wayar da kai, suka shiga ciki suka zauna da matan gida, sannan saƙon ya isa inda ake buƙatarsa. Batun fitar da injina da shanya daga cikin gari zuwa wani fili a waje kuwa, ba umurnin wata ma'aikata ba ne ya sa aka yi shi. Masarautu ne, daga sarki zuwa uban ƙasa zuwa mai unguwa, tare da limamai. Duk rahoton da ya lissafa ƙungiyoyin da suka yi wannan aiki ya bar fada a waje, bai ƙirga daidai ba.

An gama Dareta da 'Yargalma a Yuni da Yuli, ruwa ya sauka, hanyoyi suka yanke, aiki ya tsaya. A wannan tsakani Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da kuɗi daga asusunta na gaggawa, ta hannun UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya. Sashen haɗin gwiwa na hukumar muhalli da ofishin jinƙai na Majalisar ya turo masana da ɗakin gwaji na tafi-da-gidanka daga ƙasar Holan, suka auna rijiyoyi da kududdufai da iska. Sun sami dalma a wasu rijiyoyi da kududdufai, da tururin zaiba a iska, amma suka ga alamar gubar ta tsaya ne a wuraren da aka sarrafa dutse, ba ta bi ruwan ƙarƙashin ƙasa ta bazu ba. Wannan ya kwantar da hankali: kankare ƙasa zai yi aiki, ba sai an tashi garuruwa ba. Daga Oktoba 2010 zuwa Maris 2011 aka share ƙarin ƙauyuka biyar: Abare, Sunke, Tungar Guru, Tungar Daji da Duza. Duk wanda aka gama, asibitin MSF ya biyo baya, yanzu a cikin ƙauyen, yaro na shan magani yana kwana a gidansu.

Ba komai ne ya tafi daidai ba ko a wannan zango. Da farko hukuma ta ce an hana haƙar. Abin da hanin ya haifar shi ne ɓoyo: a wasu garuruwa aka riƙa musanta cewa ana niƙa dutse, har ana ɓoye mutuwar yara, don kada a rufe wa mutane hanyar abinci. Ma'aikacin lafiya da ke son a gaya masa gaskiya da jami'in da ke barazanar kama mai haƙa suna cikin kwamiti ɗaya, amma aikin ɗaya na rushe na ɗaya.

Bagega

Ƙauyuka bakwai sun samu shara cikin wata 10. Na takwas ya jira har 2013.

Bagega ta fi sauran girma, kuma a gefenta akwai wani makeken fili da aka daɗe ana niƙa da wanke dutse, tulin dusar dutse jibge ko'ina. Kuɗin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya ba a yi shi don aikin shekaru ba, ya ƙare. Masu ba da tallafi na waje suka ce sauran aikin na gwamnatin Najeriya ne, kuma ba su yi ƙarya ba. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 daga asusun kula da muhalli, a raba tsakanin ma'aikatun muhalli, lafiya da ma'adinai. Alkawarin ya kwanta a Abuja. MSF ta ƙiyasta yara kusan 1,500 ne a Bagega ke ɗauke da gubar, ga magani a Anka, ga likitoci, sharaɗin da ya haɗa kan kowa a 2010 kuma ya zama abin da ya ɗaure mata hannu. Damina ta 2011 ta wuce, ta 2012 ta wuce.

Abin lura shi ne yadda ƙungiyoyin suka canza salo. A Mayun 2012 MSF ta jagoranci shirya babban taro a Abuja, masana suka zo daga ƙasashe daban-daban, aka fitar da tsarin aiki. Ministocin lafiya, muhalli da ma'adinai da aka sa ran gani ba wanda ya halarta da kansa, kuma MSF ta fito ta faɗi haka a bainar jama'a, abin da ƙungiyar da ke buƙatar izinin gwamnati don ta yi aiki ba ta cika yi ba. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch, wadda ba ta ba da magani ba ta kuma share gida, ta je ƙauyukan a farkon shekarar ta ɗauko hotuna da bidiyo ta watsa wa duniya. Sannan wasu matasan Najeriya, Hamzat Lawal da abokan aikinsa, suka kafa shirin Follow The Money don bin sawun wannan kuɗi takamaimai, suka buɗe gangamin #SaveBagega a Twitter da Facebook. Tun daga Disambar 2012 jama'a suka yi wa shafin Facebook na Shugaba Goodluck Jonathan ruwan tambaya a kan Bagega. Shugaban kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa a lokacin, Bukola Saraki, ya shiga maganar. Kafin Janairun 2013 ya ƙare aka saki kuɗin.

A nan an ga wani rabon aiki da ba a rubuta a wata yarjejeniya ba. Injiniyoyi na da lissafin gidaje da kuɗin da aikin zai ci. Likitoci na da adadin yara da kuma mutuncin da ke sa a saurare su. Masu kare haƙƙi na da hanyar kafofin watsa labaran duniya. Matasan gida na da abin da duk waɗancan ba su da shi: 'yan ƙasa ne, ba wanda zai ce musu baƙi ne masu shiga sharo ba shanu, kuma ba a iya korarsu daga ƙasar. Ba na jin ɗayansu shi kaɗai zai iya fito da kuɗin. Sai dai kada daɗin labarin ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa: sai da aka yi wa gwamnati tsirara a intanet kafin ta saki kuɗin da ita da kanta ta yi alkawari, kuma yaron da aka haifa a Bagega a 2010 ya yi rarrafensa, ya yi tatata, ya fara magana, duk a kan wannan ƙasa. Lahanin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwa ba ya gyaruwa da magani. DMSA na hana mutuwa, yana rage gubar. Ba ya mayar da abin da ya riga ya lalace.

An share Bagega a watannin farko na 2013 zuwa shigowar damina, MSF ta fara ba yara magani a Afrilu, unguwar da aka gama ita ake fara ɗauka. Wani abin da ya bambanta wannan zango shi ne ma'aikatan muhalli na jiha da na tarayya ne suka riƙe aikin, mutanen TerraGraphics suka koma masu ba da shawara da tabbatar da inganci. Waɗanda suka koyi riƙe na'ura a Dareta su ne suka jagoranci ayari a Bagega. Lissafin da masu aikin suka wallafa daga baya ya nuna an share gidaje da filaye 820 a ƙauyuka 8, an kwashe ƙasa da dusar dutse fiye da kubik mita 27,000, yara 2,349 suka samu damar shan magani, matsakaicin dalma a jinin ƙananan yara ya sauko daga 149 zuwa 15 cikin shekara 4. Duk sharar ta ci kimanin dala miliyan 5. Yaran da suka rasu kuwa an ƙiyasta sun kai 400 ko fiye, galibinsu kafin a san sunan abin da ke kashe su.

Dutse na uku

Tun 2010 masu aikin ke cewa abu uku ne: magani, shara, da gyara yadda ake sarrafa dutsen. Murhu ne mai duwatsu uku, tukunya kuma ba ta zama a kan biyu. Na farko yana da mai shi, na biyu yana da mai shi. Na uku ya daɗe ba uba.

Dalilin yana cikin tsarin mulki. Ma'adinai a Najeriya na gwamnatin tarayya ne kaɗai. Jiha ba ta ba da lasisi. Mai haƙa da diga a dajin Anka, a idon doka, ɓarawon ma'adinai ne, ma'aikatar da ya kamata ta koya masa aiki lafiya ita ce kuma ke ganinsa a matsayin mai laifi. Ma'aikatar lafiya ta ce ba huruminta ba ne, ta muhalli ta ce ita shara aka ba ta. Ƙungiyoyin agaji kuma ba a kafa su don koyar da haƙar zinare ba. Farashin zinare ya kusa dala 1,900 a 2011. Sai aka riƙa samun gidajen da aka share sun sake gurɓata, wani ya dawo da buhu cikin dare, wani ya shigo da ƙura a riga da takalmi ya ɗauki ɗansa. MSF, ƙungiyar da ta saba shiga wuri ta yi watanni ta fita, ta tsinci kanta tana ba yara ɗaya magani zango bayan zango.

A 2015 abin ya sake ɓulla, wannan karon a jihar Neja, a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi, inda hukuma ta sanar da mutuwar yara 28. An gane cutar da wuri, domin yanzu akwai 'yan Najeriya da suka san alamominta, akwai na'urori, akwai tsarin da aka riga aka gwada. Amma jinkirin kuɗi ya maimaita kansa: sai a 2016 aka yi shara, bayan wani gangamin na Follow The Money. Abin da Shikira ta ƙara shi ne a can ne aka gwada dutse na uku da gaske. MSF ta haɗa kai da ƙungiyar Occupational Knowledge International, masu aikin kare lafiyar ma'aikata, suka zauna da masu haƙar da masu inji, ba don su hana su ba. Aka sa bututun feshin ruwa a bakin injinan niƙa don ƙura ta kwanta, aka yi wurin wanka da canza kaya a filin aiki don kada a kai ƙura gida. Awon da aka yi ya nuna dalmar da ke iska ta ragu da kashi 95 cikin 100, ƙurar dutse mai lalata huhu kuma da kashi 80. Daga baya aka kai dabarar Zamfara. Tankin ruwa ne da famfo da tiyo. Abin da ya hana a yi shi a 2011 ba tsada ba ce, rashin wanda zai ce nawa ne.

A taro na biyu da aka yi a Abuja a Yunin 2018, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya halarta da kansa. Amma a lokacin Zamfara ta riga ta shiga wani halin. 'Yan bindiga sun mamaye dazukan da ma'adinan suke, hanyar Anka zuwa Bagega ta zama abin tsoro, garin Anka ya cika da 'yan gudun hijira, wasu daga ƙauyukan da aka sha wahalar sharewa. Asibitocin ƙauye da ake zuwa kowane mako suka koma sai in hanya ta yi kyau. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar baki ɗaya, wannan karon saboda tsaro, abin da ya sake mayar da mai haƙa mutumin da ba a iya zama da shi a fili a koya masa feshin ruwa.

A farkon 2022 MSF ta miƙa shirin ga ma'aikatun jihar Zamfara, bayan fiye da shekara 11. Daga Mayun 2010 zuwa Disambar 2021 ta gwada yara 8,480 'yan ƙasa da shekara 5, 3,549 daga cikinsu sun sha maganin fitar da guba. Abin da aka miƙa ya haɗa da gwajin jini da jinya, da sa ido kan ƙasar gidaje, da aiki da masu haƙa, kowanne a hannun ma'aikata daban, kowacce da kasafin kuɗinta da kwamishinanta. A Disambar 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage hanin haƙar ma'adinai a Zamfara, a daidai lokacin da farashin zinare ya ninka na 2010 fiye da sau biyu.